Gargaɗi: mai sayar da ruwan shishar aljihu da yake rantsuwa "babu alaji" ya kusa raba mu da ƙanena

Assalamu alaikum. Don Allah duk wanda wannan saƙo ya isa gare shi ya tura wa iyaye da matasan gidansu, musamman gidan da ke da yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, ko madara, ko waken suya.

Akwai wani matashi a nan Kano da yake tallar ruwan sigarin lantarki a Instagram da WhatsApp, wannan da yara ke kira bef ko shishar aljihu. Ba shi da shago. Ka tura kuɗi, yaron aike ya kawo maka a babur. Abin da yake rubutawa a ƙarƙashin hotunan kwalabensa kullum iri ɗaya ne: kayan waje ne, an haɗa da kayan abinci zalla, babu nikotin, babu alaji, ko mai asma zai iya sha. Duk ƙarya ce, kuma a gadon asibiti muka gane haka.

Ƙanena shekararsa 19. Tun yana ɗan shekara huɗu muka san gyaɗa ba ta karɓe shi ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wahalar guje wa gyaɗa: ƙuli-ƙuli, yajin tsire, kunun gyaɗa da azumi, miyar taushe, har ƙosan da aka soya da man gyaɗa. Yaron nan ya saba da tambaya kafin ya kai komai baki. Ban san ya fara shan wannan abu ba, kuma hakan ya yi min ciwo, amma da na duba wayarsa daga baya sai na ga ya yi tambayar da ya saba. Ya rubuta wa mai sayarwar: "Akwai gyaɗa a ciki? Ina da alaji." Shi kuwa ya amsa: "Haba mutumina, mangwaro ne zalla. Sha abinka, ba komai."

Daren wata Talata bayan sallar isha'i ya turo ƙofar ɗakina. Leɓensa ya kumbura suntum, borin jini ya feso masa a wuya da hannuwa, muryarsa ta shaƙe. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Yaya, maƙogwarona yana rufewa." A cikin adaidaita sahu ina riƙe da kansa ina jin numfashinsa yana fito kamar usur. Muna isa asibiti aka yi masa allurar adirenalin a cinya, aka sa masa iskar oksijin. Kwana biyu muka yi. Likitar ta ce irin wannan tashin alaji mai tsanani, mintuna ne tsakaninsa da rasa rai.

Da hankalina ya dawo jikina sai na ɗauki kwalbar na dube ta da kyau. Sunan kamfanin waje ne a jiki, amma zoben murfin an riga an karya shi, takardar a karkace take, gefenta yana ɗagowa, babu lambar rukunin da aka haɗa, babu ranar lalacewa. Wani abokin ƙanena da ya taɓa zuwa ɗakin mutumin ne ya fasa ƙwan. Ashe kwalaben da aka shanye yake saye a hannun mashaya, ya sake cika su. Yana da jarkar gilisarin da ƙananan kwalaben fileba irin ta kek da alawa. Akwai wani ɗanɗano da yake kira "gyaɗa da zuma", wanda yake jiƙa soyayyar gyaɗa a cikin ruwan haɗin na kwanaki sannan ya tace. Kuma sirinji ɗaya ne yake zuƙar komai da shi, daga na gyaɗa zuwa na mangwaro zuwa na kankana, ba wanki.

Ya kamata mu fahimci abin da ke cikin ruwan nan, domin a nan yaudarar take. Na kamfani ma abu huɗu ne ginshiƙinsa: wani sinadari da ake kira furofilin gilaikol, da gilisarin da ake samu daga man ja ko kwakwa ko waken suya, da nikotin, sai sinadaran ɗanɗano. Yawancin ɗanɗanon gyaɗa na kamfani haɗin sinadarai ne, ba ainihin gyaɗar ba ce, amma wanda ya jiƙa gyaɗa a ɗaki ya kawo ainihin abin da ke tayar da alajin, kuma ɗan kaɗan ya isa. Shi kansa furofilin gilaikol akwai masu jikin da yake sa wa ƙaiƙayi da kaushin maƙogwaro. Saboda haka babu mai gaskiyar da zai ce maka "babu alaji" a kan kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba.

Maganar "kayan abinci zalla" ita ta fi ɓata min rai, domin tana da daɗin ji. Abin da ciki zai narkar daban, abin da huhu zai iya ɗauka daban. Akwai sinadarin diyasetil mai ba da ƙamshin bota. Cinsa a abinci ba matsala, amma a wajajen shekarar 2000 ma'aikatan wata masana'antar gugguru a jihar Missouri ta Amurka da suka daɗe suna shaƙarsa sun kamu da ciwon huhun da ba ya warkewa. A 2019 kuma, a Amurkan dai, masu haɗa ruwan bef na wiwi a ɓoye suka riƙa sirka shi da wani mai na bitamin E, irin wanda ake sa wa a man shafawa. Zuwa Fabrairun 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga mutum 2,807 da aka kwantar a asibiti, 68 suka rasu. Duk mai irin na girki da ya shiga huhu illa ce, ko da mutum ba shi da alajin komai.

A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tilasta a rubuta kayan haɗin da lambar rukuni a jikin kwalin, nikotin bai wuce miligiram 20 a kowace mililita ba, kwalbar ruwan mai nikotin kuma ba ta wuce mililita 10 ba. Indiya ma gaba ɗaya ta haramta sayar da sigarin lantarki tun 2019. Shi kuwa namu yana cika ƙatuwar kwalba da hannu ya ce daga Ingila ta zo. Batun babu nikotin kuwa, tun da ƙanena ya daina yake fama da ciwon kai da ƙunci irin na mai barin taba.

Na kira mai sayarwar. Da farko ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ƙila wani abu ya ci a waje." Da na matsa sai ya turo min hoton kwalbar filebar kek mai lambar NAFDAC, wai ga shaida kayansa masu rajista ne. Wannan lamba ta abin da za a zuba a kek ce a ci. Ba ta ce a dafa shi a zuƙa cikin huhu ba, kuma ba ta ce komai a kan gyaɗar da ya jiƙa ba. Ina faɗa masa haka ya toshe lambata.

Idan kun ga kwalba a jakar yaronku, ku duba murfin da takardar, ku tambaye shi a hankali inda ya samo, domin faɗa ɓoyewa kawai yake ƙarawa. Idan kuma wani ya zuƙa sai leɓe ko harshe ya kumbura, ko murya ta shaƙe, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri ya kwashe shi, kada a tsaya ba shi madara ko manja ko a jira ƙwayar alaji ta yi aiki. A tafi asibiti nan take, a tafi da kwalbar, a gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha.

Mun ajiye kwalbar, da hotunan hirarsu, da shaidar tura kuɗi, mun kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC. Mun kuma kai rahoton shafinsa a Instagram. Jiya wata ƙawata ta nuna min ya buɗe sabo da wani suna, kwalaben nan dai ne a kan tabarmar nan mai ruwan ɗorawa, kuma har ya ƙara da cewa akwai rangwame ga ɗalibai.