Amosanin Kai da Kyasfi: Ketoconazole ko Selenium Sulfide?

Dukansu shamfu ne na magani da ke rage naman gwarin Malassezia, mai haddasa amosani da kyasfi.

Ketoconazole mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, irin su Nizoral, ana wanke kai da shi sau 2 a mako, tsawon mako 2 zuwa 4. Abin da mutane ke kuskurewa shi ne gaggawa: a cuɗa shi ya taɓa fatar kai, a bar kumfar minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye. Mai kitso ta tsefe tukuna, in ba haka ba gashi kawai ta wanke. Ba shi da wari, shi ya sa muka fi fifita shi.

Selenium sulfide mai ƙarfin kashi 2.5 cikin ɗari, irin su Selsun, yana aiki sosai a kan kyasfin ƙirji da baya: a shafa a bar shi minti 10 kafin a ɗauraye, kullum, kwana 7. Sai dai yana da warin farar wuta, yana dusashe zoben azurfa, yana iya sauya launin gashin da aka rina. Kada a shafa shi a kan rauni.

Makeron kai na yara kuwa, shamfu kaɗai ba ya warkar da shi, domin cutar tana cikin silin gashi. Sai likita ya rubuta maganin sha.