Sharhina kan MikroTik hAP lite bayan wata uku a shago

Jama'a ga abin da na gani da wannan ɗan ruta ɗin, wato na'urar da ke rarraba intanet. Ina da shagon fotokofi da buga takardu a Zango, jikin gidanmu yake, intanet ɗin kuma daga boks ɗin 4G na cikin gida nike jawo shi da kabul. Na sayi hAP lite ne dan kiliyan da ke hawa wifi na shago su tsaya a rezo ɗinsu daban. To ya raba kam, adireshin na'urorin gida na kan 192.168.8.x na shago na kan 192.168.88.x, amma sai ga wata matsala, kwamfuta ta da ke ɗaki ta daina ganin injin buga takarda na shago, alhali da dare nike shirya memuwar ɗin ƴan jami'a in tura a buga.

Kwana biyu ina ping, wato ina tura ma injin saƙon gwaji, babu amsa, wallahi raina ya ɓaci dan aikin mutane ne a hannuna. Ƙanena da ya karanta anformatik ya zo ya ce Yaya ruta ɗin lafiya lau yake, hanya ce ba a nuna ma kwamfutar ba. Ashe duk abin da ta aika ma rezo na shago (88) boks ɗin gida take miƙa ma, shi ko bai san da wannan rezo ba. Muka kafe ether1, ramin ruta da kabul ɗin gida ke shiga, a kan 192.168.8.2, a Windows muka rubuta route -p add 192.168.88.0 mask 255.255.255.0 192.168.8.2 dan kwamfutar ta riƙa bi ta ruta in za ta shago, sannan muka shiga Winbox, manhajar saita ruta ɗin, muka ƙara doka a katangar tsaro da ke barin ƴan gida su isa injin, kuma dole a ja ta sama da dokar drop mai tare saƙo in ba haka ba aikin banza ne. Duk da haka shiru! Sai wajen magariba muka gano a cikin injin kansa gurbin ƙofar fita fayau yake, saƙo na zuwa mishi amma bai san ta inda zai maida amsa ba. Muna sa 192.168.88.1, adireshin ruta ɗin, takarda ta fito nan take.

Abin da ya fi burge ni, da micro USB yake cin wuta, 5V kawai, in kuran ya ɗauke sai in maƙala mishi pawa bank ya ci gaba, duk zafin watan Afrilu bai taɓa tsaya min ba. Ramukan kabul huɗu ne, wifi ɗin 2.4GHz, ƙaramin shago irin nawa ya ishe shi.

Wanda zai saya ya nemi mai hannu ya zauna kusa da shi ranar farko, kuma in komi ya daidaita a yi backup, wato kwafin saitin, a Winbox kafin a tashi. Nawa yana cikin kile a aljihun tebur.