Sashen kuza da ƙaramin jirgin ƙasa a Gidan Tarihi na Jos

Galibin masu ziyartar Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, suna zuwa ne domin gumakan yumɓu na Nok, sai kuma su wuce ɓangaren gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya. Kaɗan ne suke tsayawa a wurin tsofaffin kawunan jirgi da taragogin da aka ajiye kusa da kayan haƙar kuza, alhali a ganina wannan sashen ne ya fi bayyana yadda garin Jos ya samu. Gumakan Nok ɗin ma masu haƙar kuza ne suka fara tono su, tun a 1928.

Kayan jirgin ragowar wani siririn layin dogo ne da Turawan mulkin mallaka suka kira da sunan Bauchi, ko da yake bai taɓa isa garin Bauchi ba. Sunan ya samo asali ne daga kasancewar tsaunukan Jos a ƙarƙashin Lardin Bauchi a wancan zamani. Layin ya tashi daga Zariya, ya kai Rahama a 1912, ya hau tsauni zuwa Jos da Bukuru a 1914, tsawonsa kuwa mil 143 ne. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 kacal, yayin da babban layin Nijeriya yake da ƙafa 3 da inci 6, saboda haka dole a sauke kuza a Zariya a sake loda ta a manyan taragogi kafin ta nufi teku.

Babban abin yabo a wannan sashe shi ne mai ziyara yana tsayawa dab da kan jirgin ya ga ƙanƙantarsa da idonsa, abin da hoto ba ya iya nunawa. Wanda ya tuna cewa kafin zuwan layin 'yan dako ne suke ɗaukar kuza a ka har zuwa Loko a bakin kogin Binuwai, tafiyar kwanaki masu yawa, zai gane dalilin da ya sa kamfanonin haƙar ma'adinai suka matsa a shimfiɗa shi, duk da ƙanƙantarsa da tafiyar hawainiyarsa. Darajarsa ta ragu a 1927 da reshen babban layi ya iso Jos daga Kafanchan, aka kuma rufe shi baki ɗaya a 1957. Da ba a keɓe waɗannan kaya ba, da tuni sun bi sahun sauran zuwa hannun masu gwangwan.

Sai dai idan ana maganar auna darajar tarihi, ƙarfen da aka raba da hanyarsa rabin labari yake bayarwa. Masana kayan tarihi sukan tambayi ko abu yana nan a inda aka yi amfani da shi, ko irinsa ya yi ƙaranci, da kuma ko yana da alaƙa da rayuwar mutanen wurin. Kawunan jirgin sun ci jarrabawar ƙaranci ba tare da gardama ba. Amma ainihin shaidar aikin tana can a daji, a tudun ƙasar da aka tara don ɗora dogo, da wuraren da aka yanka dutse, da tushen gadoji, da kufan tashoshi a garuruwa irin su Soba da Dutsen Wai da Jengre. Waɗannan ba su ɗaukuwa zuwa gidan tarihi, kuma noma da gine-gine suna cin su a hankali. Haka nan kududdufan kuza da suka cika kewayen Bukuru da Rayfield, waɗanda jama'a suke ɗauka a matsayin haɗari kawai, su ma shafi ne na wannan tarihi.

Abu na biyu da injin ba zai iya faɗa da kansa ba shi ne labarin mutane. Hausawan Liruwe, garuruwan da ke arewa da tsaunukan Jos, suna narkar da kuza tun kafin Bature ya zo. Dubban leburori daga Kano da Zazzau da Sakkwato da Borno sun yi aiki a ramukan, manoman Birom sun rasa gonakinsu, kuma tsakanin 1942 da 1944 an yi aikin tilas da ake kira ɗiban gwamna, wanda ya ci rayuka masu yawa saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. Ya kamata Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda take kula da wurin, ta haɗa kayan da taswirar layin da bayani cikin Hausa da Birom.

Ina ba malamai da ɗalibai shawarar zuwa, amma su karanta tarihin layin tukuna, su nemi jagora daga ma'aikatan gidan, sannan idan da hali su ƙarasa Bukuru su ga ramukan da kuzar ta fito.