Tsiren Singafo a ƙarƙashin rumfar ƙarfe ta 1894

Duk Basakkwacen da kasuwanci ya kai shi Singafo, ko yake karatu a Malesiya har ya samu bizar tsallakawa, ya ware dare guda ya ci abinci a Lau Pa Sat, wata tsohuwar rumfar masu sayar da abinci. In yana da zaɓi kada ya je da rana tsaka, lokacin ma'aikatan banki ke cika wurin maƙil. Ya bari sai an yi magariba.

Wurin yana tsakiyar unguwar bankuna, kusa da Raffles Place, dogayen benaye na gilashi sun yi masa zobe. Shi kuwa ko hawa ɗaya ba shi da shi. Babbar rumfa ce mai kusurwa takwas, da hasumiyar agogo a tsakiyar rufinta, hanyoyi sun taso daga kowane ɓangare sun haɗu a cibiya. Ƙanena da ke karatu a Johor Bahru, birnin Malesiya da ke kan iyaka da Singafo, shi ya kai ni, kuma muna shiga ya ce, "Yaya, kafin ka dubi abinci ɗaga kanka sama." Na ɗaga. Ginshiƙai ne sirara na zubin ƙarfe, kowanne ya buɗe a sama ya zama baka, an ƙawata shi da lanƙwashe-lanƙwashe kamar aikin wuyan babbar riga. Na daɗe a tsaye, mutane na ratsa ni da farantansu.

A Gilasgo ta ƙasar Sikotilan aka zuba ƙarafan nan, aka ɗauko su a jirgin ruwa, aka harhaɗa su a nan bisa zanen injiniyan birnin na lokacin, James MacRitchie. An gama a 1894. Wato Sarkin Musulmi Abdurrahman yana kan gado ke nan, saura shekara 9 Turawa su shigo Sakkwato. Da farko kasuwar kifi da kayan miya ce a bakin teku. A farkon shekarun 1970 aka mai da ita wurin sayar da dafaffen abinci, a 1973 kuma hukuma ta sa ta cikin gine-ginen tarihi da doka ta hana a taɓa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1986. Za a haƙa hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin wurin, ana tsoron ginin ya lalace. Sai aka kwance shi gaba ɗaya, guntu-guntu, aka sa wa kowane ƙarfe lamba aka adana, da aikin jirgi ya ƙare aka dawo da kowanne mazauninsa. An sake buɗewa a 1991. Filin da ke tsakiyar bankunan Singafo ba ƙaramin kuɗi ba ne, kowa ya san abin da bene mai hawa hamsin zai kawo a nan, amma aka mayar da rumfar masu abinci.

Zafin can ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, nasu kuwa jiƙa riga yake yi ko kana zaune. To ginin ba shi da bangon da ya toshe shi, rufin yana can sama, ga manyan fankoki da aka ƙara a gyaran 2014, iska tana shiga ta kowace kusurwa. Ba sanyin na'ura ba ne, amma mutum yana cin abincinsa cikin natsuwa.

Yanzu ga abin da ya sa na ce a jira dare. A ranakun aiki, wajen ƙarfe 7, ana rufe titin Boon Tat da ke jikin ginin, mota ba ta wucewa. Nan da nan a shimfiɗa tebura da kujeru a kan kwalta, masu gashi su hura gawayi, hayaƙi ya turnuƙe tsakanin benaye. Abin da suke gasawa shi ake kira satay, kuma duk wanda ya tashi a Sakkwato da ganin tsinke ya san ɗan'uwan tsire ne. Akwai na kaza, na sa, na rago, da manyan jatan lande. Ba a tukuba suke jera shi kewaye da wuta kamar namu ba. Doguwar kwatarniyar ƙarfe ce siririya cike da garwashi, a ɗora tsinkayen kai tsaye a bisanta, mai gashi na kaɗa mahuci da hannu ɗaya yana juyawa da ɗayan, yana shafa mai, wuta na tashi tana lasar naman. Goma-goma ake saye.

Gyaɗa tana cikin nasu kamar yadda take cikin namu, sai dai hanya ta bambanta. Mu ƙuli-ƙuli muke dakawa da yaji a buɗe naman da shi kafin ya ga wuta. Su kuwa jiƙa naman suke yi da kurkum da wata ciyawa mai ƙamshin lemun tsami da sukari, gyaɗar kuma a dafa ta miya mai kauri a kawo a ɗan kwano ka riƙa tsomawa. A gefe akwai albasa da kokwamba da curin shinkafa da aka matse aka yanka, sunansa ketupat. Na rago ya fi yi mini, domin kitsensa ya ɗauki hayaƙi sosai, bakinsa ya ɗan ƙone yadda nake so. Na kaza yana da laushi amma zaƙinsa ya fito fili. Gaskiya harshen da ya saba da yajin gidanmu zai ji sukari ya yi gaba, barkono ya yi baya, kuma yankan naman ƙanana ne, tsinke biyar nasu bai kai biyu na mai tsiren unguwarmu ba. Duk da haka na ƙara goma. Jatan landen kuwa ban da abin da zan gwada shi da shi a gida, da ɓawonsa ake gasawa, ka ɓare da hannu yana ƙona maka yatsu. Na kora da ruwan rake da aka matse a gabana aka ɗiga masa lemun tsami. Rake muna da shi, lemun ma haka, ban san abin da ya hana mu haɗa su ba.

Maganar halal ba a wasa da ita a nan. Galibin masu satay Musulmi ne 'yan ƙabilar Malay, amma a cikin rumfar akwai masu naman alade, ana kuma sayar da giya. A duba takardar shaidar halal ta majalisar Musulunci ta ƙasar, MUIS, wadda ake mannawa a gaban shago, ko a tambaya kai tsaye, ba sa jin haushi. A ciki akwai biryani da roti prata na Indiyawa da nasi lemak, shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa. Na ɗanɗana biryanin, ya yi, amma ba shi ke kawo mutum ba. Sallah kuma ba matsala: masallacin Al-Abrar yana titin Telok Ayer, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa, Musulmin kudancin Indiya suka kafa shi tun 1827. Magaribar can wajen ƙarfe 7 take faɗawa duk shekara, ka idar ka taka zuwa Boon Tat daidai gawayi ya kama.

Da na dawo gida na nuna wa dattijon da muke sayen tsire wurinsa tun muna yara hotunan. Ya dubi miyar gyaɗar ya ce, "Malam, nama da sukari? Wanga ba tsire ba na." Amma da ya ga hoton titin a rufe, ga masu gashi a jere ƙarƙashin benaye, sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Kuma ba a korar su?" Na ce Baba, ba a korar su. Hukumar can ta kwashe masu talla daga tituna a shekarun 1970 zuwa 1980, amma ta gina musu rumfuna da ruwa da wuta ta zaunar da su, har UNESCO ta sa wannan al'ada tasu cikin abin gadon duniya a 2020.

Tambayar nan tasa ta taɓa ni. Ganuwar da Muhammadu Bello ya yi wa garinmu mafi yawanta ta tafi, Ƙofar Rini da Ƙofar Kware da Ƙofar Marke sun fi zama sunayen unguwa a bakin yara. Tsofaffin soraye na ƙasa kuma ana rushe su ana jera shagunan bulo. Muna da jar akuya, muna da albasar da ake lodi zuwa kudu, muna da masu balangu da kilishi da furar da ba a kai su ba. Da za a gyara tsohon gini ɗaya a cikin gari, a sa ruwa da magudana, a ba irin su Baba rumfa da hayar da za su iya biya, ni kam zan riƙa kai baƙina can kafin ko'ina.

Wanda zai je ya san abu biyu. In ka ga ƙunshin takardar goge hannu a kan tebur babu kowa, an kama wurin ke nan, nemi wani. In ka gama ci a cikin rumfar kuma, kai za ka ɗauki farantinka ka mayar inda aka tanada, doka ce, akwai ma wuri dabam na kwanukan halal. Kuɗin ya ɗan ɗara na rumfunan cikin unguwanni, don haka ku je ku uku ko huɗu ku haɗa ku sayi tsinke da yawa, ku fi ba na rago ƙarfi.