Horon mako biyu a aji, ko koyo a gefen malamin asibiti?

Wanda ya taɓa fama da ciwon damuwa ko taɓin hankali ya samu sauƙi, yana da abin da likita ba shi da shi: ya san ciwon daga ciki. Sauran magana ita ce yadda za a horar da shi ya tallafi 'yan'uwansa masu fama da irin wannan ciwo.

Hanya ta farko, a tara su cikin garin Damagaram mako biyu, a koya musu sauraro, riƙon sirri da alamomin haɗari. Tana da sauri, kuma mutanen Mirya, Magarya da Matamai za su koma gida da karatu iri ɗaya. Amma abin da aka ɗura wa mutum a gurguje, kafin damina ta fita rabinsa ya zube.

Ta biyu ta fi kwanta mini. Mai koyo ya yi watanni yana bin ma'aikacin lafiya na unguwarsu, Birni ko Zango, yana ganin yadda ake magana da uwar da ta rantse iskoki ne suka kama ɗanta, ba tare da an raina malamin da ke yi masa ruƙiyya ba. Nan zai gane iyakarsa: ba shi rubuta magani, kuma mai zancen kashe kansa sai a kai shi asibiti nan take. Shirin mhGAP na faɗaɗa kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 ma ya jaddada sa ido bayan horo.

Cikas ɗinta ɗaya: ma'aikatan da suka san lafiyar ƙwaƙwalwa kaɗan ne, layin marasa lafiya kuwa ba ya ƙarewa.