Injin casar da na kai shinkafata a wajen Kura

Jiya na kai shanshera buhu shida wani injin casa a wajen Kura, kuma gaskiya aikinsu ya yi, shinkafa ta fito fes ba tsakuwa, karyayyar ma kaɗan ce.

Alhajin da ke da wurin ya yi ƙoƙari wallahi, wayoyin wuta duk suna cikin bututu a jikin bango, ga tukunyar kashe gobara rataye kusa da janareto, bel ɗin injin an yi masa murfin raga, ya kuma sayo wa yara takunkumi saboda ƙurar ɓuntu, wadda duk wanda ya daɗe yana shaƙa ya san yadda take kama ƙirji. To amma yaran fa? Uku na gani takunkumin na rataye a wuya, wai zafi. Murfin bel kuwa sun cire da safe don su ɗaure bel ɗin, suka jingine a gefe ba su mayar ba, ga wani yana aiki da jallabiya hannun rigar na lilo dab da wurin. Na ce ƙanena don Allah naɗe hannun nan, ya ce "Yaya shekarata biyu a nan ba abin da ya same ni." Raina ya ɓaci sosai, don a ƙauyenmu akwai wanda injin niƙa ya cire wa yatsu ta haka.

Inda Alhaji ya gaza, ba ya tsawatar musu, kuma ko bandeji babu a wurin. Zan sake kai aiki bayan girbin rani in sha Allah, amma sai da na tsaya aka mayar da murfin kafin na loda buhunana.