Faransancin lakwal ya biya ni a Amurka, amma ofishin rajista ya sha mini kai

Da na koma karatu a nan New York bayan shekara 14 da barin aji, ban ɗauka akwai abin da na zo da shi daga Damagaram da zai yi mini amfani ba. Wata ƙanwata da muke aikin kula da tsofaffi tare ce ta ce, "Yaya, ke da kika yi lise, sakandaren Faransanci, me zai sa ki biya kuɗin ajin koyon harshe? Je ki yi CLEP mana."

Jarrabawa ce ta College Board, waɗanda suke shirya SAT, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka. In ka riga ka san darasi, ko a ina ka koye shi, sai ka zauna ka amsa tambayoyi, kwaleji ta ba ka kiredit, wato makin darasi da ake tarawa kafin a samu digiri, ba tare da ka shiga aji ba. Na zaɓi Faransanci. Ko kuɗin rajistar ban biya ba, don na bi kwas ɗin wata ƙungiya mai suna Modern States na kyauta a intanet suka ba ni takardar biya. Na wurin zaman jarrabawar kawai na fitar daga aljihuna.

Minti 90 ne a gaban kwamfuta, a fara da saurare sannan karatu. Wallahi da aka sa mini abin ji a kunne, na ji wasu biyu suna hira, dariya ta kusa kuɓuce mini. Ni da na tashi da sauraron RFI a rediyon Baba! Nahawun nan da muka sha bulala a kansa a firamare, shi ne dai suka jera. Ina gamawa sakamako ya fito nan take: 74 cikin 80. Ana neman 50 a mataki na farko, 59 a na biyu. A cikin jirgin ƙasa na kira Inna, ita ba ta gane me na ci ba, amma ta yi ta sa albarka.

To, daga nan ne murna ta fara komawa ciki. A lissafina kiredit 9 na samu, yadda ake ba da shawara ga wanda ya haye mataki na biyu. Ashe kowace kwaleji da nata tsarin. Tawa 6 ta ce za ta ba ni, su ma sai da na yi sawu huɗu a ofishin rajista. Yau a ce sakamakon bai iso ba, gobe a ce mai sa hannu tana hutu. Har aka rufe rajistar zangon ba a shigar da su ba, na rasa ajin da nake so saboda kwamfutarsu tana nuna ban cika sharaɗi ba. Ranar na yi kuka, ba ɓoyewa.

Na kuma tambaya ko shekara 6 da na yi ina kula da tsofaffi za ta zame mini kiredit. Aka ce in haɗa fayil na shaidun aiki, in biya kuɗin dubawa, kuma ba tabbas. Na ajiye takardar a jaka, tana nan har yau.

Jarrabawar kanta dai ba ni da abin cewa, ta rage mini aji biyu da kuɗinsu. Yanzu ina shirin ta lissafi, amma wannan karon sai mutanen ofishin nan sun rubuta mini adadin kiredit ɗin a takarda kafin in zauna.